Hannu Mai Yatsu Uku

"An janye yajin aiki," in ji shugaban ƙungiyarmu a ƙofar masaƙa. "Doka ta hana a kori kowa. Ku shiga."

Muka yarda. Ai injin da muke yaji a kansa shi ya cinye masa yatsu biyu, ni na goya shi zuwa asibiti.

Muna wucewa a layi ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, sannu da ƙoƙari."

Har ƙwalla na yi.

Manaja bai san fuskokinmu ba, mu da muka kitsa yajin. Sai da masu gadi suka tisa ƙeyarmu waje na lura: kowannenmu da shatin yatsu uku na baƙin mai a kafaɗarsa.