Yatsan da Ke Jikin Kwalbar Dambu

"Kowa ya dangwala!" in ji Malam Muttaka, yana miƙa wa yaran sikawut ɗinsa tawada. Saura kwana uku su yi gwajin samun bajon ɗaukar zanen yatsa.

Sai ga matarsa Walida ta shigo zauren da ke ƙasan benensu a unguwar Wangsa Maju, da kwalba wayam a hannu. Dambun naman da mahaifiyarta ta aiko daga Kano ne wani ya cinye tas.

Ta ce, "Tunda kun ƙware, ku nemo min ɓarawon."

Yaran suka barbaɗa hoda a jikin kwalbar, suka ɗago zanen wani babban yatsa da salatif. Aka gwada da na kowannensu, ba wanda ya dace.

Muttaka ya yi wuf ya ce, "Shi ke nan, an rufe bincike. Ni ne alƙalin gwajin, ba a ɗaukar nawa."

Kausar, ƙaramarsu, ta ɗaga kofin shayinsa. "Malam, kai ka ce duk abin da mutum ya taɓa shaida ne. Na ɗauki naka tun ɗazu. Iri ɗaya ne sak, har da tabon wuƙa."

Walida ta juyo a hankali.

Kausar ta ce, "Malam, na ci bajon?"