Siririyar Ƙofar Gidan Ermelinda

Da hantsi tsohuwa Ermelinda ta ji guduma na dukan bango a ƙasan bene, nan take ta gane wurin. Kowane tsohon gida a garinsu na kan tudu ƙofa biyu gare shi: ta masu rai, da wata siririya a gefenta, toshe da tubali. Ba a buɗe ta sai za a fitar da gawa, a sake toshewa. Ta nan surukarta ta fita, mijinta ma haka.

To, lokaci ya yi ke nan. Ba ta yi kuka ba. Tun da ƙafafunta suka mutu take kwance a sama, ba abin da take gani ta taga sai hasumiyar ƙararrawa da titin da ya gangara ƙofar gari. Abin da ya ɓata mata rai, ko jira ba su yi ta cika ba.

Da ɗanta Tarcisio ya kawo abinci, ta gutsuri burodin, ta tofar. Gishiri! Tun zamanin da maƙiya suka yi wa garin ƙawanya gishiri ya yanke, ba mai sa shi a burodi a cikin ganuwar nan. Wannan na kanti ne, daga kwari. Ta tambaye shi ko hannun Delfina ya karye ne. 'Yarta Delfina ke gashin burodin gidan, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, amma kwanan nan ko leƙowa ba ta yi, wai mura. Gara ma da tarin nan nata mai hana mutum barci ya lafa tun jiya.

"Na ji aikinku," ta ce. "Kun ƙosa, ko? Ka ce wa raguwar nan ta hawo. Masu zaman makokina ba za su ci burodin kanti ba. Miyar waken kuma kar ta cika mata ruwa."

Tarcisio ya tsaya riƙe da faranti, idonsa jawur. Ƙurar tubali ce, in ji shi. Ya fita. Ta kira shi, bai juyo ba.

Ta gyara ɗankwalinta, ta harɗe hannuwa a ƙirji tana jiran limamin coci. Ƙararrawar sanar da mutuwa ta soma bugawa a hankali. Har ita ma sun yi mata gaggawa! Daga ƙasa ta ji takun maza da nishin ɗaukar nauyi, wani na cewa a karkata, ƙofar ta yi ƙunci. Ba wanda ya hawo benen.

Sai muryar Tarcisio ta taso daga titi: "Ku bi da Delfina ta jikin ganuwa, kar Mama ta hango ta taga."