Muryar Inna a Ofishin Shige da Fice

Tun da aka daina cike takardu, zuciya ake aunawa. A kunna maka muryar gida; in gabanka ya faɗi, baƙo ne kai, sai ka tattara ka koma.

Mijin Ramlatu da 'ya'yanta sun samu izinin zama, suna jiranta a waje. Ita kuwa ta shekara tana sauraron muryar innarta har ta daina jin komai.

"Baiwar Allah, miƙo hannu," in ji ma'aikacin, ya ɗaura mata na'urar auna bugun zuciya.

Sai muryar Inna ta ce, "Ramlatu."

'Yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Ma'aikacin bai ko dube ta ba. Ya ajiye koren hatimi, ya ɗauki ja.