Wayar da Ta San Hanyar Kanal

Malam Sada ya tsaya a layin baya riƙe da babur ɗinsa, yana kallon yadda samari ke ɗaure wayar Taufiq a gaban babur na farko. Wannan wuri na gaba nasa ne tun ran da manoman shinkafar unguwarsu a Kura suka soma fita yawon babur bayan girbi.

Ba a banza ya riƙe jagorancin ba. Ya yi aikin duba kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tun yana saurayi. Ya san ranar da ake sakin ruwa a kowane reshe, da gaɓar da ke komawa taɓo idan an sake shi, da inda manoma ke gicciye hanya da bututun injin ban ruwa. Ba ya faɗa wa kowa inda za a bi sai an je. Taufiq, ɗan maƙwabcinsa, ya taɓa durƙusawa ya roƙi a koya masa, Malam Sada ya ce ya bari ya girma tukuna.

Sai ga Taufiq ya dawo daga birni da manhajar taswira. Ya nuna wa majalisar masu yawon wani jan layi da ya zana daga Kura zuwa Madobi, samari suka rinjayi dattawa, aka ba shi jagorancin gwaji.

Malam Sada ya leƙa layin sau ɗaya, ya wuce rumfar abokinsa Usaini mai faci yana huci.

"Wayar nan gadar da ta rufta za ta kai su. Mai hankali ta bayan injin casa zai bi, ya hau gaɓar gabas, tunda ranar ba a sakin ruwa a can."

"Gaɓar gabas ka ce, mutumina?" in ji Usaini, yana goga roba. "Daga nan kuma fa?"

Malam Sada ya zayyana masa sauran, domin ya huce.

Da safiyar tafiya jan layin ya canza. Taufiq ya ce wayar ce ta sabunta kanta. Ta bayan injin casa suka bi, suka hau gaɓar gabas, ko tayar mutum ɗaya ba ta taɓa laka ba. Haka aka yi a tafiyar Garun Malam, haka kuma a ta bayanta. Kowane karo sai Malam Sada ya kushe layin farko a rumfa har makogwaronsa ya bushe, wayar kuma ta gyara kuskurenta kafin a tashi.

Abin ya tsaya masa a rai. Yara suka fara kiran Taufiq da Jagora. A wurin shan shayi shi ake fara miƙa wa kofi. Malam Sada ya daina amsa gaisuwar mahaifin yaron da sakin fuska, matarsa Kubra kuma ta gaji da ɗauke tuwo yadda ta ajiye shi.

Da aka sa ranar babbar tafiya zuwa madatsar ruwa ta Tiga, majalisa ta yanke cewa idan Taufiq ya kai su lafiya, jagoranci ya zama nasa har abada. Malam Sada ya shiga Kano a ɓoye, ya sayo waya, ya sa mai shago ya zuba masa irin manhajar nan. Ya rufe zaurensa ya duƙufa, da niyyar kayar da yaron da makaminsa.

Abin da ya tarar ya ƙara masa ƙuna. Tasa taswirar kwalta kawai ta sani, sai shuɗayen layukan kanal. Ba ta san taɓo ba, ba ta san bututu ba, ba ta san ranar ruwa ba. Ya tabbata akwai wata manhaja ta manya da yaron ya ɓoye wa jama'a.

Usaini ya aiko a ce masa rumfa ta yi kewarsa, Malam Sada ya ce ba ya jin daɗi. Usaini ya sake aikowa. Taufiq da kansa ya zo dubiya har ƙofar gida, Malam Sada ya tura wayar ƙarƙashin buzu, ya sa aka ce yana barci.

Yau ga su a hanya. Taufiq bai yi wasa da kowa ba tun da aka tashi. Da suka bar kwalta wajen Bunkure, inda kanal ya rabu biyu, ya tsaya ya daɗe yana shafa wayar, sannan ya karya hagu. Malam Sada ya san jiya aka saki ruwa a reshen. Ya kame bakinsa, zuciyarsa fara ƙal.

Ba su yi nisa ba babura suka nutse. Wani ya kife cikin gonar albasa, mai gonar ya taso yana faɗa. Malam Sada ya kafe babur ɗinsa a tudu, ya tako a hankali har gaba, ya zare wayar daga mazauninta domin ya ga manhajar manya da idonsa. Kwalta ya gani, sai shuɗayen layuka, daidai da tasa.

"Ina wadda ta san ranar ruwa?" ya tambaya da ƙarfi, don kowa ya ji.

Taufiq ya sunkuyar da kai, laka har gwiwarsa.

"Baba, ai ita ce ta ƙi zuwa rumfar Kawu Usaini duk makon nan. Abin da take faɗa a can shi yake kawo mini in zana."