Tsuntsayen Bana

Wan ya iske tsuntsayen jan-baki sun rufe gonar, suna cin hatsin da gidan zai ci shekara. Ƙanensa da aka sa tsaro yana zaune gindin gawo, majajjawarsa yashe a ƙasa.

Tun da ƙanen ya dawo Kurfai daga yaƙin da Nasara suka kai shi, ba ya amsa gaisuwa. Mutane suka ce girman kan masu kaki ne.

"Kai! Mi za mu ci bana, takalminka na soja?" in ji wan, daga bayansa.

Bai waiwayo ba sai da aka girgiza kafaɗarsa. Ya ɗago yana murmushi.

"Yaya, ka tuna muna yara, mu kwanta nan, kukansu ya sa mu barci? Can cikin rami, in igwa ta tashi, shi nika tunawa. Na bar su su sauka don in ji. Amma tsuntsayen bana ba su kuka."

Hayaniyarsu kuwa ta cika kwarin. Wan ya kai bakinsa dab da kunnen ƙanen, ya kira sunansa. Ƙanen yana ta kallon sama, yana jira.