Waƙar da Bhupal Ya Sauko da Ita Daga Dutse

Kwana biyu Bhupal Sigdel ya yi yana hawan dutse a ƙafa, mutumin da ko benen gidansa sai ya huta sau biyu. Dole ce ta sa shi. Shekara bakwai ke nan ƙungiyar mawaƙa ta Ukali, wadda ya kafa tun yana da gashi a kai, ba ta fitar da waƙar da ko direban tasi zai kunna ba. Jaridun Kathmandu, babban birnin ƙasar, sun fara kiransa "tsohon mawaƙi", ga bikin cikar ƙungiyar shekara talatin saura wata biyu. In bai zo da sabon abu ba, bikin nan jana'izar sunansa zai zama.

Shi kuwa da kunnensa yake taƙama. Shi ya fara ɗora jita mai lantarki a kan waƙoƙin ƙauye, kuma ba a taɓa hira da shi ya tashi bai caccaki yaran zamani masu sayar da muryarsu ga 'yan kasuwa ba. In aka tambaye shi da me ya rayu kafin ya yi suna, sai ya ce da iska da haƙuri, ya kawo wani zancen.

A wani ƙauye can kan dutsen, inda ya je neman tsohuwar waƙa, aka kai shi wurin Ama Sukmaya, tsohuwar da aka ce ta fi kowa waƙa. Tana jin gaisuwarsa ta ɗago kai, ta ƙura masa ido, ta sa aka shimfiɗa masa dardumar manyan baƙi. Bayan an sha shayi mai gishiri, ta gyara zama ta soma rerawa da yarensu na Tamang, sannu a hankali, tana jan kowane baiti.

Bhupal ba ya jin yaren ko kaɗan, amma tsigar jikinsa ta tashi. Ji ya yi kamar ya san waƙar nan tun yana cikin uwarsa. Hawaye suka zubo masa. Matan da ke bakin ƙofa suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa, ya ji tausayinsu su ma.

Moktan, tsohon makaɗin gangarsa da ya rako shi, wanda Tamang ne yarensa, ya matso kusa da kunnensa.

"Yaya, ka san abin da take cewa kuwa?"

"Rufe min baki! Waƙar kakanni ba fassara ta ake yi ba, da zuciya ake jin ta."

Shekara ashirin Moktan yana rufe baki, bai ga dalilin buɗe shi ranar ba.

Bhupal ya haddace baitocin kalma bayan kalma, ya ɗora musu jita da sarewa, ya raɗa wa waƙar suna "Kukan Dutse". Ya gaya wa 'yan jarida cewa ta shekara ɗari uku, wai kukan wata mata ce da ƙanƙara ta binne mijinta. Inda ya samo wannan labari, shi kaɗai ya sani. Wani farfesa har ya rubuta shafi huɗu a kai.

Ranar bikin, da la'asar, fili ya cika maƙil. An ɗauko Ama Sukmaya daga ƙauye, aka zaunar da ita a tsakiyar dandali cikin sabbin kaya. Bhupal ya rufe ido ya rera. 'Yan birni suka yi tsit, wasu na share ƙwalla. A can baya kuwa wasu 'yan dako 'yan kan dutse suna ta dukan cinya suna faɗuwa a kan juna. Da Bhupal ya buɗe ido ya hango su, sai ya ce a ransa, ka ji waɗanda abin ya fi ratsawa.

Da tafi ya lafa, sai ya durƙusa a gaban tsohuwar.

"Ama, faɗa wa duniya, a bakin wa kika koyi wannan waƙa? Moktan, zo ka fassara wa jama'a."

Tsohuwa ta dube shi da mamaki, ta yi magana tana dariya. Moktan ya karɓi lasifikar da hannu biyu, ya yi gyaran murya, bai rage komai ba.

"Ta ce a garinsu, in mawaƙi ya zo baƙunta, da waƙarsa ake tarbarsa, su dai kawai sun juya ta da yarensu ne. Ta ce, 'Haba ɗan nan, tun daga gaisuwa na gane muryarka. Ba kai ne a da kake rera mana ita kullum da safe a rediyo ba, a tallan maganin tsutsar ciki?'"