Jirgin Yagana na Farko

Tun da Tafkin Chadi ya cika ya haɗiye garuruwa, aka kafa doka: duk wanda ya zana jirgin tsere, ɗan gidansu ne zai fara tuƙa shi. Yagana tana koyon zanen jiragen ruwa masu tafiya da iska wurin Baba Modu, yau kuma yayanta Bukar ya hau jirginta na farko.

"Baba, na ƙara wa ƙarfen ƙasan jirgin tsawo, ya ƙara nutsewa cikin ruwa, don ya fi gudu," in ji ta.

Tsohon ya saki sandarsa. "'Yata, hanyar tseren ta bi ta kan tsohon garinku. Hasumiyar masallaci tana nan tsaye a ƙarƙashin ruwa."

Yagana ta ruga bakin tafki tana ƙwala wa Bukar kira. Jirgin ya riga ya yi nisa, ya wuce kowa, jama'a sai tafi suke yi.